Masu Ƙirgen Sauro

Ina da shekara takwas ko tara lokacin da masu ƙirgen sauro suka fara zuwa ƙauyenmu a ƙasar Garki, wadda a wancan zamanin take cikin Jihar Kano, yau kuma tana Jigawa. Da sassafe suke isowa a Landiroba, kafin mata su gama dama koko. Su yi sallama da maigida, a fitar da ƙore da tukwane da duk abin da ake cin abinci a ciki, su shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki daga bango zuwa bango, su toshe ƙofa, su fesa magani. In an jima su buɗe, su naɗo ƙyallen a hankali, su fito da shi tsakar gida, su durƙusa suna tsince matattun sauro ɗaya bayan ɗaya da matsefata, wani yana riƙe da biro yana rubutawa. Mu yara muna kewaye da su, ana korar mu muna dawowa.

Na dare sun fi ba mu mamaki. Ƙato ne zai naɗe wando zuwa gwiwa, ya zauna a kan kujera da tocila, ya bar ƙwaurinsa a buɗe, sauro na sauka yana zuƙe shi da wani ɗan bututu. Kakata ta wajen uba, Allah ya ji ƙanta, ta leƙa ta gani ta dawo tana tafa hannu. "Yau ga ikon Allah," in ji ta, "namiji da gemunsa ya zauna yana ciyar da sauro, wai a ƙarshen wata a biya shi."

Bayan kowane mako goma kuma sai a tara mu a gindin bishiya, kowa da lambarsa, kowane gida da tasa lambar da aka rubuta a jikin zaure. A tsire mana yatsa, a shafa jinin a kan ɗan gilashi, a jera a akwati. An yi ta raɗe-raɗin cewa sayar da jinin ake yi a ƙasar Turawa. Dagaci ya ce hukuma ce ta aiko su, hakimi ya sani, shi ke nan aka ci gaba da miƙa yatsa.

A daminar 1972 aikin ya canza. Aka fara feshe bangon ɗakuna da wani magani mai ƙarfin wari, aka kuma riƙa raba ƙwayoyi, babba da yaro, sai an ga ka haɗiye. Haka aka yi har ƙarshen daminar 1973. Abin da na riƙe daga waɗannan damina biyu shi ne ƙarancin jana'izar yara. A da, daga marka zuwa farkon kaka, da wuya a yi mako ba a ga an wuce da ƙaramar gawa a naɗe a tabarma ba. Mahaifiyata ta binne biyu tsakanina da ƙanwata. Ita ƙanwar tawa a cikin wannan tsakanin aka haife ta, ta yi rarrafe, ta tashi, yanzu tana da jikoki. Daga nan aka daina feshi, aka daina rabon ƙwaya, ƙirge kawai aka ci gaba da yi har zuwa 1976. Zazzaɓi ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Wata rana Landiroba ta tafi ba ta dawo ba. A iya tunawata, ba a tara mu an ce ga abin da aka gano a jininku ba.

Sai da aka yi kusan shekara talatin kafin na ji ƙarshen labarin. A wani taron bita ne a Kaduna, lokacin ina ma'aikacin lafiya har na fara furfura. Ana shan shayi wani baƙon likita ya tambaye ni garinmu, na ce Garki. Ya ajiye kofinsa ya sake miƙo mini hannu. Ashe duk wanda ya yi karatun maleriya da gaske a duniya ya san sunan. Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya ne suka yi aikin daga 1969 zuwa 1976, wasu masana biyu, Molineaux da Gramiccia, suka tattara sakamakon a littafi guda da ya fito a 1980. Daga baya na sami kwafinsa na karanta, ina ganin sunayen ƙauyukan da muke zuwa cin kasuwa a cikin jadawalin lissafi.

Ga abin da ya kawo su. A 1955 duniya ta ƙuduri aniyar kawar da maleriya gaba ɗaya ta hanyar feshi. An ci nasara a wasu ƙasashe, amma mafi yawan Afirka ba a ma shiga da ita da gaske ba, a 1969 kuwa aka haƙura da shirin. Sai aka ce a nemi wuri a yankin sabana inda cutar ta fi ƙarfi, a haɗa mata feshi da magani da kuɗi da ƙwararru, a ga ko za a iya katse yaɗuwarta. Aka zaɓi ƙasarmu. Masu zama da ƙwauri a buɗe sun gano cewa a wasu ƙauyukan mutum ɗaya kan sha cizon sauro mai ɗauke da cutar sama da sau ɗari a shekara, kusan duka a damina. Masu duba jini sun ga ƙwayar cutar ta faɗi ƙasa warwas a ƙauyukan da aka haɗa feshi da magani akai-akai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Amma yaɗuwar ba ta katse ba. Sauro da yawa in sun ci sun ƙoshi a waje suke hutawa, ba sa taɓa bangon da aka fesa. Mutane kuma ba sa zama wuri ɗaya: ga makiyaya, ga fatake, ga 'yan ci-rani, kowa yana shigowa da tasa ƙwayar.

Amsar da masu tsara manufofi suka ɗauka ke nan: ba za a iya kawar da maleriya a sabana ba. Gaskiya ce. Sai dai a cikin littafin nan guda akwai wata amsar, cewa yara sun rage mutuwa muddin ana ba su magani a lokacin damina. Ba ita aka zo nema ba, don haka ba ita aka tafi da ita ba.

Abin da ya rage mana shi ne kulorakwin. Na kama aiki a 1986 a wani asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki biyu, ni da wani tsohon dispensa da kowa ke kira Baba. Ba mu da madubin duba jini. Duk jikin da ya yi zafi maleriya ce, duk maleriya kulorakwin ce, ƙwaya ko ruwa ko allura, a haɗa da Piriton saboda ƙaiƙayin da yake sa wa mutane har su kasa barci. Kuma yana aiki. Yaro zai zo ranga-ranga a bayan uwarsa, bayan kwana uku ka gan shi yana bin awaki. Bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987 aka kawo tsarin asusun juya magani, marar lafiya ya biya, a sayo wani da kuɗin. Kulorakwin ne ya riƙe wannan asusu, don yana da araha kuma kullum ana nemansa.

Wajen tsakiyar shekarun 1990 na fara lura da fuskokin da ke dawowa. An ba yaro magani, ya ji sauƙi, bayan mako ɗaya ko biyu ga shi an sake goyo shi, wannan karon tafin hannunsa fari fat, idonsa ba jini. Wasu da jijjiga suke dawowa, sai dai a nemi mota zuwa babban asibiti don ƙarin jini, in an samu motar, in an samu jinin. Na sayi jan biro, duk wanda ya dawo cikin mako biyu in ɗiga masa alama a gefen sunansa a rajista. Damina ɗaya, damina biyu, shafuka suka yi ja. Fom ɗin da muke cikewa kowane wata yana da gurbin waɗanda suka zo da gurbin maganin da aka bayar, ba shi da gurbin waɗanda suka dawo. A takarda, yaron da magani ya ƙi yi wa aiki sau uku yara uku ne da aka yi wa magani.

Ranar da mai duba aikinmu ya zo daga hedikwatar ƙaramar hukuma, na buɗe masa rajistar. Na ce, "Ranka ya daɗe, maganin nan ya fara gajiya." Ya ɗaga shafi biyu uku, ya rufe. Ya ce, "Malam, magani aka turo ka ka bayar ko bincike? Ka tabbata ba jabu kuke sayowa ba? Ka tabbata iyayen suna ƙarasa ba su, ba sa tsayawa in ƙaiƙayi ya fara? Ka ma tabbata maleriya ce?" Na yi shiru. Bayan ya tafi Baba ya ce, "Ɗana, rufe littafinka, kada a ce ka fi su sani."

Na daɗe ina jin haushin mutumin nan. Yanzu da na tsufa na yarda cewa tambayoyinsa uku na ƙarshe duk suna kan hanya. Jabun magani ya cika kasuwa a lokacin. Iyaye da yawa suna dakatawa da zarar jiki ya yi sanyi, su ajiye sauran don wani yaron. Zazzaɓin ma ba duka ne maleriya ba. Jan birona ba zai iya rarrabe waɗannan ba. Bincike na ƙwarai ne ke rarrabewa: a tabbatar da cutar a jini, a ba da maganin da aka san ingancinsa a gaban ido, a bi yaron mako biyu ko huɗu ana sake duba jinin. Laifinsa ɗaya ne, da ya gama tambayoyin bai kai su gaba ba. Mai ɗaki ya nuna inda yake yoyo, aka ce masa ai shi ba magini ba ne, aka kuma ƙi kiran magini.

Wasu sun riga mu kira. Tun 1978 aka ga cutar ta fara bijire wa kulorakwin a Gabashin Afirka. Malawi ta duba nata alƙaluman ta ajiye shi a 1993, ita ce ta farko a nahiyar. Mu sai a 2002 aka yi gwajin ingancinsa a shiyyoyi shida na ƙasa, aka tarar a jimlace ko rabin yaran da aka ba wa ba ya warkarwa. A kudu maso gabas ya kusa zama gari kawai, a arewa maso yamma kuma yana da sauran ƙarfi, abin da ya ba masu jan ƙafa a wajenmu hujjar cewa ai namu lafiya lau yake. A 2005 manufar ƙasa ta koma kan haɗin magani mai atimisinin, sinadarin da masanan Sin suka tatso daga wani tsiro ɗan uwan tazargade, aikin da ya sa aka ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Tsakanin Malawi da mu shekara goma sha biyu ke nan. Ban yarda rashin sani ne ya jawo duk wannan jinkirin ba. Sabon maganin ya ninka tsohon a farashi sau goma ko fiye, tsohon ana yin sa a cikin gida, akwai masu ci da shi tun daga masana'anta har ɗan kemis na kan kwana. Ministan da ya ce a canza, dole ya faɗi inda kuɗin zai fito.

Takardar sabuwar manufa ma ta riga maganin isowa wajenmu da nisa. An kira mu bita, an ba mu littafi da kuɗin mota, muka koma muka tarar da kulorakwin a kan kanta, shi muka ci gaba da bayarwa, muna rubuta shi a ƙarƙashin hoton sabon magani da aka manna mana a bango. Talaka bai fara samun sabon a kemis da sauƙi ba sai wajen 2011, da aka shigo da mai tambarin koren ganye wanda aka yi wa rangwame daga waje.

Don kada a ce kullum ni ne mai gaskiya, ga inda bincike ya kayar da ni. Gwaje-gwajen da aka yi a Gambiya da Navrongo ta arewacin Gana da Kilifi ta Kenya a shekarun 1990 sun nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar yara. Shugabannin Afirka suka taru a Abuja a watan Afrilun 2000 suka yi alkawarin kashi 60 cikin 100 na yara da masu ciki za su riƙa kwana a ciki kafin ƙarshen 2005. Gardamar da ta biyo baya ita ce a sayar ko a bayar kyauta. Ni ina cikin masu cewa a sayar ko da kuɗi kaɗan ne, don abin banza ba ya daraja, za a yi shingen tumatir da shi ko a kai kogi. Na faɗi haka a taro fiye da sau ɗaya, har ana tafa mini. Sai wasu masu bincike biyu, Cohen da Dupas, suka gwada a asibitocin awon ciki a yammacin Kenya: wasu mata kyauta, wasu da ɗan kuɗi. Ɗan kuɗin nan ya kori mafi yawansu, waɗanda suka samu kyauta kuwa sun rataya sun kwana a ciki daidai da waɗanda suka biya. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a raba wa kowa, a watan Mayun 2009 aka fara babban rabon Nijeriya daga Kano, biyu-biyu kowane gida. Na ga shingen tumatir da idona, ba ƙarya na yi ba. Amma abin da ido ya gani a lambu ɗaya bai kai ƙirgen gidaje ɗari-ɗari ba.

Wani lokacin abin kan yi sauri har ka yi mamaki. A ƙarshen 2010 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi da yara sama da 5,000 masu matsananciyar maleriya a ƙasashe tara na Afirka, har da Ilori a nan gida. Allurar atesunet ta rage mutuwa da kusan kashi 22 cikin 100 in aka kwatanta da kwinin. Kafin tsakiyar 2011 an canza ƙa'idar duniya. Tambayar ɗaya ce, gawa ake ƙirgawa, ba wanda ya sami abin musu.

Abin da ya dawo da ni ƙuruciya shi ne rigakafin damina. Masu bincike a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya suka gwada ba yara ƙanana magani sau ɗaya a wata a watannin ruwa, ko suna da zazzaɓi ko ba su da shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa da cutar ya kau. A watan Maris na 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi don yankin Sahel, inda mafi yawan maleriyar shekara ke faɗowa cikin wata huɗu, inda kuma ɗaya daga cikin magungunan rigakafin, wanda aka fi sani da Fansidar, bai gaji ba kamar yadda ya gaji a Gabashin Afirka. A 2013 aka fara a wasu ƙananan hukumomin Katsina, a shekarar kuma aka fara a Nijar, a irin su Magarya da Madawa. A 2023 yara kusan miliyan 53 aka ba wa, fiye da rabinsu a Nijeriya.

Da rabon ya iso wajenmu, shekarun aikina sun kusa cika, aka sa ni duba masu bi gida-gida. Yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Ranar farko ƙwaya biyu a gaban mai rabo, a bar wa uwa biyu, ta gobe da ta jibi. In an gama a rubuta alama da alli a jikin zaure. Ba ko'ina aka buɗe mana ƙofa ba. Wani magidanci ya tare mu da cewa, "Lafiyarsu ƙalau za ku ɗura musu magani? Gwaji za ku yi da 'ya'yanmu?" Ban ga laifinsa ba. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma da wannan tabon aka shiga rikicin rigakafin shan-inna na 2003. Muna cikin bayani sai ga mahaifiyarsa ta fito daga cikin gida tana dogara sanda. Ta dubi allin, ta dubi ƙwayar, ta ce, "Kai, bar su. Ai an taɓa yin wannan zamanin masu ƙirgen sauro. Shekarar ba mu yi ta haƙa ba." Ya matsa muka shiga.

A hanyar komawa na yi ta lissafi a kan babur. Daga 1972 zuwa 2012 shekara arba'in. Na san maganin Garki daban ne, manufarsa ma daban. Na san kuma masana suna da dalilan tsoro na gaskiya: kada cutar ta saba da maganin, kada yaro ya tashi ba garkuwa ya faɗi da zarar an daina, ga tsadar bi gida-gida. A Gambiya ma, a shekarun 1980, an ba yara magani a damina a ƙauyukan Farafenni, mutuwa ta ragu, aka rubuta, aka ajiye. Duk waɗannan tsoron abin gwadawa ne, kuma da aka tashi gwadawa shekaru kaɗan aka ɗauka. Abin da aka rasa shi ne mai cewa a gwada. Wanda ya biya kuɗin bincike shi ke zaɓen tambaya, mu kuwa ba mu cika biya ba. A Abuja a 2001 shugabanninmu suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Na tarayyar Nijeriya galibi tsakanin kashi 4 da 6 yake yawo. Har ƙwayar da muke rabawa a damina, mafi yawan kuɗinta daga waje yake zuwa.

Rajistocina masu jan biro gara ta cinye su a sito, na gani da idona ranar da na je sallama. Littafin Garki kuwa yana nan a intanet, kowa na iya saukewa kyauta, in yana jin Turanci. Mu da aka tsire wa yatsa muna yara da yawanmu mun haura sittin, iyayenmu da suka buɗe ɗakunansu aka shimfiɗa ƙyalle saura ƙalilan. Ina roƙon malaman jami'o'inmu na Kano da Dutse, waɗanda ke koyar da wannan aiki a aji, wani a cikinsu ya ɗauki ɗalibansa ya nufi Garki a ranar kasuwa, a nemi izinin hakimi, a tara mutane, a faɗa musu da Hausa abin da aka gano a jininsu.